Soron da Na Gina wa Mompe Biyu

Jiya da hantsi na ji ku kuna dariya sa'ad da na duƙa bakin ramin can na ɗebi ƙasa na sa a harshe. Ɗayanku har ya ce tsoho ya fara cin ƙasa tun ba a kai shi makwanci ba. Na ji, kunnena bai mutu ba tukuna. To, tunda yau kamyon sima, wato motar siminti, bai iso ba kuna zaune hannu sake, ku matso in ba ku labari. Ku a ganinku ginin ƙasa wasan yara ne, a kwaɓa, a dunƙula, a ɗora. Kun saba da birik ɗin da za a buga yau a hau da shi bango jibi. Ƙasa ba haka take ba. In ka gaggauta ta ba za ta yi maka gardama ba a ranar, sai mutane sun shiga sun zauna.

A Babankatami anka haife ni, wurin kawuna Gwani Attahiru na koyi aiki. Shekara uku cur bai bar ni na taɓa bango ba. Aikina tattaka. A haƙo jar ƙasa, a zuba sassararriyar ciyawa da kashin doki, a kwarara ruwa, ka shiga da ƙafa har gwiwa. Gobe ka juya, jibi ka sake juyawa, sai ta ruɓa ta fara wari sannan kawu ya zo ya sa yatsa ya ɗanɗana. In ya ji yashi ya yi yawa a haƙori, sai ya tofar ya juya abinshi. Ba zai ce maka komi ba, kai ka san akwai sauran aiki. Daga tattaka na koma dunƙula tubali, daga nan na koma jefa wa na bisa bango. Kayan aikinmu kuwa mutum ɗaya shina ɗauka a kafaɗa: gatari na sassaƙa azara, hauya, igiyar kaba, da ɗan dutse mai santsi na goge yaɓe. Saura tafin hannu ne da dunduniya da ido. Awonmu kamu ne, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa.

Bakan gizo shi ne ƙarshen karatun magini. Azara ɗaya ba ta ƙetare ɗaki mai faɗi, sai ta lanƙwashe. Don haka sai ka kafa azara cikin bango dama da hagu, ka ɗaure da igiya, ka shafe da ƙasa, ka jira ta bushe. Sannan ka ɗora wata bisa ta farko, ta ɗan fi ta leƙowa, ka ɗaure, ka shafe, ka jira. Haka za ka yi ta yi har hannu biyun su haɗu a sama. Duk nauyin rufin a ƙafafun bakan yake sauka, cikin bango. Ku riƙe wanga, za ku ji amfaninshi.

Shekarar da fara ta cinye gero tun shina ɗanye, ba wanda ya kira magini. Wa zai yi gini bai san abin da zai sa a tukunya ba? A cikinta kawu ya rasu. Wani mai raƙuma a Keita ya kira ni in yi mishi soron ajiye kaya, ladan kuwa furar rana. Masu tattaka ba su da ƙarfin ɗaga ƙafa, kwana biyu sunka ce ƙasa ta isa, ni ma na yi shiru don ina son furar. Ruwan fari ya sauko da rufin bisa gishirin mutumin da awakinshi biyu. Allah ya tsare, ba mutum a ciki. Amma na yi shekara huɗu in na shiga kasuwar Keita sai in ji wani shina kukan akuya a bayana.

Aikin da ya fi ba ni wuya kuwa ba na sarki ba ne, ba na kumandan, Baturen mulki, ba. Ɗakin addu'a ne na ƴan Katolika, a Madawa, lokacin yaƙin Turawa, sa'ad da anka rufe iyaka ba abin da ke shigowa daga kudu. Su duka inuwar itace ɗaya tana ɗaukarsu: masu aikin biro, wato ofishin kumandan, daga Dahome da Togo, tsoffin sojoji biyu ko uku, da kukun bariki da iyalinshi. Limaminsu Mompe suke ce mishi. Wani tsohon Bafaranshe ne, mu mun sa mishi Mai Gemu. Daga nesa yake zuwa, sau biyu ko uku a shekara, ya yi musu sallarsu da suke kira lames a barandar Mushe Kosi, babban mai rubutu na biro. Mushe kuwa kamar malam ne a Faransanci. A wagga shekara ya zo da wani saurayin Mompe, siriri, wanda zai riƙa zama da su. Shi kuma Dogo munka sa mishi. Dogo shina jin Hausa, a kasuwa ya koye ta, har da ashar ɗin da bai san ashar ba ne.

Da Mushe Kosi ya aiko kirana, sai da na fara zuwa wurin limamin unguwarmu. Ya saurare ni, ya ce: “Baƙi ne, inuwa suke nema. Ka gina musu, kada ka ha'ince su, kuma kada azahar ta wuce ka a bisa bango.” Da wannan na tafi.

A filin da anka ba su bayan bariki munka haɗu. Mushe Kosi ya miƙo mini takarda, ya kira ni da sunan magini na Faransanci, ya ce: “Maso, ka iya karanta zane?”

Na ce: “A zana mini a ƙasa, Mushe.”

Mai Gemu ya ja layi da sandarshi, Mushe Kosi shina juya mini magana. Ɗaki dogo, rufin tol, wato kwano, kujerun katako a jere. A gabas, manne da bango, dakali mai tsawo bisa matakala uku, shi ne bagade, inda Mompe yake tsayawa. Shina ba jama'a baya kamar yadda liman yake ba mu, shina karatu da Latin, wani tsohon harshe da ba wanda yake magana da shi a gida.

Na ce duk na ji, amma ina tol ɗin?

Kowa ya san ko ƙusa ba a samu. Sai Dogo ya ce: “Gwani, zauren nan babba na bakin kasuwa, wa ya rufa shi?”

“Ni da kawuna, Mompe.”

“Da tol?”

“Da ƙasa.”

Dogo ya juya wurin tsohon, sunka shiga Faransanci. Tun suna yi a hankali har gemun Mai Gemu ya fara rawa. Daga baya na san abin da ke tsakaninsu, don kowannensu sai da ya same ni a gefe ya zuba mini nashi, kamar ni ne alƙali. Dogo so yake a yi soro irin namu, a shimfiɗa tabarmi, a cire takalmi a ƙofa. A janyo bagade tsakiya, Mompe ya fuskanci mutane su ga abin da hannunshi ke yi, a yi waƙa da Hausa. Ya ce in ba haka ba, har abada za a ce addinin na Bature ne da ma'aikacinshi. Mai Gemu kuwa ya ce lames ba rigarshi ba ce da zai rage mata hannu don zafi. Karɓa ya yi, kuma yadda ya karɓa haka zai miƙa. Ya ce a cikin mutanen nan akwai na bakin teku, akwai Bamoshe, akwai Bafaranshe, ba su jin harshen juna, Latin ɗin nan kaɗai ke haɗa bakinsu. In kowa ya ja nashi, me zai saura?

Mushe Kosi ya fi tsohon zafi. Rannan ina jan igiyar tushe ya tsaya a kaina ya ce: “Maso, ubana barin ganga da tsafi ya yi anka kore shi daga gidansu. Da kanshi ya ɗauki duwatsun egiliz, ɗakin addu'ar garinmu. Yanzu wanga yaro zai zaunar da ni a tabarma, a kaɗa mini ƙwarya, a ce shi ne addu'a?”

Matar kuku tana kusa, ta kawo wa ma'aikata ruwa. Tani sunanta, ƴar Bangi ce, su suna kiranta Mari. Ta sauke tulu ta ce: “Mushe, kai kana jin abin da Mompe ke faɗi?”

“Na yi lakwal, makarantar Mompe, shekara shida.”

“To ni shekarata bakwai ina durƙusawa ina cewa amin, ban san abin da na amsa ba. Ran da ɗana ya mutu anka yi mishi karatu mai tsawo. Har yau ina so in san me anka roƙa mishi.”

Mushe Kosi ya juya. Ya gyara hularshi ya koma biro.

Rufi dai dole ta sa anka yarda da ƙasa. Mai Gemu ya hau doki ya tafi zagayen mutanenshi na wajen arewa, ya bar umarni: bagade a jikin bango. Shina ba da baya Dogo ya ce mini: “Bar bagade sai ƙarshe.” Na ce to, don ni bango ne a gabana.

Ni da abokin aikina Shaibu, wanda munka yi tattaka tare tun gidan kawu, munka tayar da bango kamu biyu a kauri daga ƙasa. Azarar giginya daga kudu take zuwa, kuma kudu a rufe take, sai munka shiga fadama munka zaɓi tsoffin goriba, munka tsaga, munka shanya. Goriba ba ta kai giginya ƙarfi ba, sai na rage tsawon kowace azara, na ƙara yawan hawa. Baka uku ɗakin yake so. Na farko da na biyu sun haɗu lafiya, mun rufe tsakaninsu. Na uku shina kan hanya sa'ad da na tafi kasuwar Bangi neman igiya da makuba, wato ɓawon ɗorawa da muke jiƙawa mu shafe rufi don kada ruwa ya ci.

Kwana biyu na yi. Da na dawo, tun daga nesa na hango haske inda bai kamata ba. An fasa bangon kudu. Rami ne wanda mutum biyu za su shiga kafaɗa da kafaɗa, kuma bakinshi bai fi taƙi ɗaya daga ƙafar bakan tsakiya ba.

Shaibu shina zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce: “Na gaya mishi a jira ka, Gwani. Da hannunshi ya ɗauki gatarin.”

Dogo ya fito fuskarshi duk murna. Ya ce mutanen gari suna cewa ƴan Katolika wani abu suke ɓoyewa a ɗaki. To ga babbar taga, duk mai wucewa ya tsaya ya gani ya ji, ba sai ya shiga ba.

Ban kai ga amsa mishi ba sai ga Mai Gemu bisa doki, Mushe Kosi shina biye. Ashe Mushe ya aika mishi manzo, kuma ya rubuta wa babban su Mompe takarda a kan Dogo. Tsohon ya sauka ya dubi ramin, ya dubi soron, ya ce wannan masallaci anka gina mishi. Sai an ɗora hasumiya bisa rufin, a rataya ƙararrawa, kowa ya san egiliz ce. Dogo ya ce wani abu. Tsohon ya buga sanda a ƙasa. Sunka sake kamawa, a gaban ma'aikata, a gaban matan da ke kawo ruwa.

Na je bakin tulu na wanke hannuna. Na naɗe igiyata, na saɓa gatari, na zo na tsaya tsakaninsu.

Na ce: “Mushe, ka faɗa wa tsoho yadda na faɗa, kada ka rage. Ban san mai gaskiya a cikinsu ba, ba addinina ba ne. Abin da na sani, shamuwa ta iso tun shekaranjiya, iska ta juya. In ruwa ya samu wanga ɗaki a buɗe, tudun laka za su yi sallarsu a kai. Wanga ya huda mini ciki, wancan zai ɗora mini kaya a ka. In sun gama, su aiko mini Babankatami.”

Mushe Kosi ya juya maganar. Na ga bai rage ba, don kunnen tsohon ya yi ja.

Dogo ya ce: “Gwani, taga ce kawai.”

Na kama hannunshi, abin da ban taɓa yi wa Bature ba, na ja shi cikin ɗakin. Daga kusurwar ramin wata tsaga siririya ta tashi, ta nufi ƙafar baka. Na tsinko kara na zura, ya shige har rabi.

Na ce: “Ran da na tafi babu wagga. Gobe yatsana zai shiga. Wa ke zama nan ƙarƙashi ran Lahadi?”

Ya dubi karan. Ya ce: “Mata ne a wanga gefe. Mari da ɗiyanta.”

 Ya fita, ya tuɓe farar rigarshi ya rataya a itace, ya naɗe wando ya shiga ramin tattaka. Ƙafarshi ba ta san aikin ba, faɗuwa biyu ya yi, amma bai fito ba sai da rana ta karkata.

Shi kuwa Mai Gemu na ce mishi rufin ƙasa kanshi yake ɗauka, da mutum ɗaya mai kwandon gyara, ba ƙari. Ya juya cikin fushi ya shige gefen da munka riga munka rufe, ya buɗe ɗan littafinshi don lokacin addu'arshi ya yi. Tsohon shina da ciwon ƙirji, muryarshi ba ta kai ƙarshen baranda. Ya fara rera karatun nan nasu a hankali, sai muryar ta hau bakan ta zagayo ta cika ɗakin, har ma'aikata sunka tsai da aiki. Shi ma ya tsaya. Ya ɗaga kai. Ya sake ja, ya saurara. Sannan ya kira Mushe Kosi ya ce a tambaye ni me na sa cikin bangon.

Na ce: “Ƙasa ce da kashin doki.”

Ban san yadda Mushe ya juya wannan ba. Maganar hasumiya dai ba a sake tayar da ita ba. Wani tsohon soja ya samo ƙarfen ƙafar kamyo, munka rataya shi a gwafa bakin ƙofa, shi ya zama ƙararrawa. Bagade kuwa ni na tambaya washegari, don ba ni da sauran kwanan jira. Dogo shina cikin laka har gwiwa ya ce: “A yi yadda tsoho ya ce.” Ba don ya sake ra'ayi ba ne, na ga fuskarshi. Kunya ce ta hana shi ja.

Toshe rami a busasshen bango ya fi tayar da sabo wuya, don ɗanyar ƙasa ba ta son kama busasshiya. Sai da munka tokare bakan da gungumen goriba. Na sassaƙa bakin ramin haƙori-haƙori, na jiƙa, na kafa guntayen azara, na jera duwatsun da jakuna sunka kawo daga wajen Buza, ina yi hawa-hawa. A can sama na bar ƴar taga, daidai girman kan mutum, na ɗora mata azara. Tsagar na cika ta, na shafa mata siririyar laka a gicce wuri uku, don in ta motsa in gani. Aikin da ke son wata guda munka yi shi cikin kwana goma sha biyu, muna rufe baka na uku a lokaci ɗaya. Ran da za mu cire gungumen na fitar da kowa, ni da Shaibu munka buge shi da kanmu. Ƙasa ta ɗan zubo mini a wuya. Bakan bai ce komi ba. Makuba kuwa shafi ɗaya rufin ya samu maimakon biyu.

Na roƙe su su ƙara mako guda kafin su shiga. Mai Gemu ya ce ran Litinin zai tafi, ba zai dawo ba sai bayan damina, kuma shi zai buɗe ɗakin. Na ce to, da sharaɗi. Zan tsaya a waje. In na buga ƙarfen nan, kowa ya fito, ko ana tsakiyar me.

Mushe Kosi ya ce: “Maso, ba a katse lames.”

Tsohon ya tambayi abin da na ce. Da ya ji, ya ɗaga hannu ya yi magana gajeriya. Mushe ya ce: “Ya ce in ka buga, za mu fito.”

Ran Lahadi da hantsi sunka taru. Kujeru biyu kaɗai kafinta ya samu katakon yi, ma'aikatan biro sunka zauna a kai da takalmansu. Tani ta zo da tabarmarta a hammata, ta ajiye takalmi a ƙofa, ta shimfiɗa a gefen kudu, daidai ƙarƙashin inda na toshe. Ba wanda ya ce mata ta yi, ba wanda ya ce ta bari. Matan sojoji sunka bi ta.

Ba su daɗe da farawa ba gabas ta yi baƙi. Shaibu ya dube ni, na dube shi. Iska ta zo ta kwashe zanar maƙwabta, sannan ruwa ya sauko, irin wanda ba ka ganin mutum a taku goma. Na tsaya a bangon kudu na manna tafin hannuna a kan toshin. In bango zai tafi, hannu ke fara ji kafin ido. Shaibu na sa shi kusa da ƙarfen, da dutse a hannu, idonshi a kaina.

Indararo uku ne a wanga gefe. Biyu suna zuba, na tsakiya ya yi shiru. Wannan shi ne abin da na fi tsoro, ruwa ya kwanta bisa rufin da ya sha makuba sau ɗaya. Na jingina tsani na hau, ruwa shina dukana a fuska. Ruwan ya taru har idon sawu, daidai kan bakan tsakiya. Na kwanta da ciki don kada nauyina ya taru wuri ɗaya, na zura hannu cikin bakin indararon, na jawo tarin ciyawar da iska ta cusa. Ruwan ya tafi da ƙara. Na bi rufin da dunduniya a hankali, ina dannawa. Wuri ɗaya ya yi laushi, bai nutse ba.

Da na sauko na koma ga bangon. Ta ƴar tagar nan ina jin muryar tsohon, sarai, duk da ruwan. Shaibu ya ɗaga dutsen shina tambayata da ido. Na girgiza kai. Haka munka tsaya har anka kai ƙarshen lames.

Sun gama, amma ruwa bai gama ba, ba mai iya fita. Can sai na ji muryar mace ta ɗauki waƙa da Hausa. Tani ce. Ashe Dogo ya daɗe da juya musu wata addu'arsu, ita kuma ta ɗora ta bisa muryar waƙar daka. Mata sunka amsa, sojoji sunka shiga. Na leƙa ta ƙofa. Mai Gemu shina naɗe kayanshi a bagade, bai juyo ba, kuma bai hana ba. Mushe Kosi ya taso zai fita, ya iske ruwa kamar ana juye tulu, ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu, rabin jikinshi shina jiƙewa, har waƙar ta ƙare.

Da ruwa ya ɗauke na shiga ba takalmi, ina ɗiga. Na bi bakan ɗaya bayan ɗaya da ido. A kusurwar yamma akwai danshi kamar faɗin faifai, aikin rabin yini. Na je ga tsagar. Lakar nan da na shafa wuri uku, ko ɗaya ba ta tsage ba. Sai a lokacin na zauna a gefen tabarmar Tani. Ta miƙo mini ƙwaryar ruwa kamar wanda ya fito daga rana.

Mai Gemu ya sauko daga matakala ya tsaya a kaina. Hausarshi duka ba ta fi kalma goma ba, ya kashe rabinta a kaina: “Gwani. Da kyau. Sannu da aiki.”

Amsar babbansu sai bayan kaka ta iso. Latin shina nan, bagade shina jikin bango, amma wa'azi a yi da Hausa, waƙa kuma bayan an gama. Dogo anka ɗauke shi anka kai wani gari, ya zo har gida ya yi mini sallama. Mushe Kosi bai taɓa zama a tabarma ba har ya koma ƙasarsu. Gardamarsu ban ji ta ƙare ba.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar dai na bar wa Shaibu gyaran kusurwa, na rataya takalmina a wuya na kama hanyar Babankatami cikin taɓo, don ruwan shuka ne ya sauka ni kuma gonata tana can. Sai washegari da la'asar na isa. Na iske ƙanena ya gama tashi gonar ya shiga tawa, matata tana biye da ƙwaryar iri. Ya ɗago ya dube ni, laka har cinya.

Ya ce: “Yaya, ya tsaya?”

Na ce: “Ya tsaya.”

Ya ce: “Madalla. To karɓi sungumi, bayana ya gaji.”